Dodon Tabki da Gawar Fadama: Solomon Grundy a Idon Mai Karatu na Madarumfa

1. Gabatarwa

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, batun fassara littattafan yara ya fita daga sahun abubuwan da ake tattaunawa don nishaɗi kawai. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram tun 1973, amma har yanzu abin karantawa na jin daɗi ga ɗalibi bai taka kara ya karya ba, alhali yaran suna kallon jarumawan labaran zane na Amurka a wayoyin hannu. A wannan maƙala za mu ɗauki mugu ɗaya daga cikin waɗannan labarai, wato Solomon Grundy, halittar da ta fito daga cikin taɓo, mu auna shi da Dodo na tatsuniya, muna tsaye a bakin tabkin Madarumfa. Abin da muke son nunawa shi ne, fassara kalmar Faransanci «monstre» da «dodo», wadda kusan kowane mai fassara yake yi ba tare da ya tsaya tunani ba, tana ɓata halittun biyu gaba ɗaya, kuma Dodo ne ya fi yin asara.

2. Wane ne Grundy?

Ya fara fitowa a mujallar All-American Comics, lamba 61, ta watan Oktoba 1944. Alfred Bester ya rubuta labarin, Paul Reinman ya zana. Wani attajiri ne mai suna Cyrus Gold aka kashe a ƙarshen ƙarni na 19, aka jefa gawarsa a wata fadama mai suna Slaughter Swamp kusa da birnin Gotham, sunan da za a iya mayarwa «fadamar yanka». Bayan shekara 50 gawar ta tashi, ta haɗu da ruɓaɓɓun itatuwa da laka, ta zama wani ƙato fari fat mai ƙarfin tsiya, wanda ba ya tuna ko wane ne shi. Abokin gabarsa na farko shi ne Green Lantern, jarumin da zobensa yake cin komai ban da itace. Da yake jikin Grundy ya cakuɗa da itace, sai zoben ya kasa shi. Daga baya ya kara da Superman da Batman, ya shiga wasannin kwamfuta irin su Arkham City a 2011, ya kuma fito a shirin talabijin na Stargirl a 2020.

Ba shi kaɗai ba ne a zuriyarsu. The Heap ya riga shi a 1942, sannan a 1971 aka sami biyu kusan a lokaci ɗaya: Man-Thing na kamfanin Marvel da Swamp Thing na Len Wein da Bernie Wrightson, wanda masu kallon Faransanci suka sani da «la Créature du marais» ta fim ɗin Wes Craven na 1982. Mun zaɓi Grundy ne saboda shi ne mugu a cikinsu, sauran sun fi karkata ga tausayi.

Akwai wani ɗan abu game da sunansa da zai ba Bahaushe dariya. Abu ɗaya da halittar ta iya tunawa shi ne ranar Litinin ta zo duniya, sai wani ɗan yawon duniya da ta tarar ya tuna da wata waƙar yara ta Ingila, wadda James Orchard Halliwell ya buga a 1842, mai ba da labarin rayuwar mutum daga haihuwa zuwa kabari cikin kwana bakwai. Daga nan sunan ya bi shi. Ga mai karatu na Amurka, wannan alama ce ta rashin asali: halittar da ba ta da suna sai na waƙa. A Maraɗi kuwa wanda aka haifa ranar Litinin Ɗanliti ne ko Altine, kamar yadda ake da Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe. Sunan rana laƙabi ne na cikin gida, na iyaye da kakanni. Ashe tun daga suna abin tsoron ya fara zama ɗan uwa.

3. Fadama ba «marais» ba ce

Duk ginin Grundy ya dogara ne ga wurin da ya fito. A tunanin Turai da Amurka na wancan zamani, ƙasa mai danshi wadda ruwa ya kwanta a kanta matattarar cuta ce da ɓarna. Harsunansu ma sun riƙe shaidar: «paludisme» na Faransanci daga kalmar Latin «palus» ya fito, wato ruwan da ya kwanta, «malaria» kuma daga Italiyanci, ma'anarsa mugunyar iska. Sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyata a Aljeriya, a 1897 kuma Ross ya gano ta a cikin sauro, amma sunayen ba su canza ba. Sunan da Hausar yau take amfani da shi, zazzaɓin cizon sauro, ya ɗora laifin a kan sauro, ya bar fadama. Majalisar Amurka ta yi dokoki a 1849 da 1850 da 1860 na miƙa wa jihohi irin waɗannan filaye domin a janye ruwansu a mai da su gonaki. Wurin da doka take ganin sai an kashe shi kafin ya yi amfani, ba abin mamaki ba ne mai labari ya mai da shi wurin jefa gawa. (Za a iya tambaya: tsoron wa? Bayin da suka gudu daga gonakin Bajiniya da Karolina ta Arewa sun yi zamansu shekara da shekaru a cikin Great Dismal Swamp. A wurinsu mafaka ce. Labarin zane ya gaji tsoron ubangidan ne.)

To, mu duba abin da Hausa take da shi: fadama, tabki, kududdufi, gulbi, ƙorama, dausayi, kwari, rafi, laka, taɓo, caɓi. Daga cikinsu laka da taɓo da caɓi ne kawai suke ɗauke da ƙyama, su kuma sunayen abu ne wanda ake takawa, ba sunayen wuri ba. Sauran duk suna da ƙanshin arziki. Fadama ita ce ƙasar da ake rububi, a gada, a yi shari'a a kanta. Dausayi har waƙoƙin soyayya sun are shi. Wanda ya ce «dodon fadama» a gaban manomin rani, tambayar da zai fara samu ita ce: fadamar wa?

Madarumfa ta kai wannan bambanci matuƙa. Garin yana wajen kilomita 20 kudu da Maraɗi, a kwarin gulbi, tabkinsa kuma shi ne ruwa mafi girma mai daɗewa a jihar. Masunta suna kamun kifi a ciki, masu lambu suna bin bakinsa yayin da ruwa yake janyewa, makiyaya suna shayar da dabbobi, tsuntsaye masu ƙaura suna sauka. Nijar ta sa dajin da tabkin da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman Unesco ta amince da su a 2006, aka kuma shigar da tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar a 2019. Abin lura a nan shi ne kaburburan. Al'adar garin ta riƙe cewa bayin Allah 99 ne suke kwance kewaye da ruwan, mutane suna zuwa ziyara daga nesa, har daga ƙetaren iyaka, suna addu'a suna neman tubarraki. Ke nan Slaughter Swamp da tabkin Madarumfa sun haɗu a kan abu ɗaya, matattu a bakin ruwa, suka rabu a kan komai. Can gawa ɗaya ce da aka jefar ba wanka ba salla, ta tashi tana ramuwa a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Nan kuwa matattu ne da aka yi wa sutura, suna kwance, kwanciyarsu ce ma take tsare garin. Yaron da ya tashi yana jin wannan, in aka ce masa mamaci ya fito daga tabki yana kashe mutane, zai ji tsoro, amma zai ji kuma an yi wa wani abu rashin kunya.

Kada a ɗauka muna cewa Bahaushen kwarin Maraɗi ba ya tsoron ruwa. Ruwa yana cin mutane, yana kawo tsargiya da sauro, ambaliyar gulbi ta 1945 kuma ita ta rushe tsohon garin Maraɗi har aka mai da shi kan tudu. Sai dai tsoron yana da fuska dabam: ruwa yana da masu shi. Akwai ƴan ruwa, akwai Sarkin Rafi a cikin iskokin bori, akwai kuma sarkin ruwa na mutane, shugaban masunta, wanda aikinsa ya haɗa da sanin yadda ake zama lafiya da na ciki. Ayyukan Guy Nicolas na 1975 da Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 a kan wannan kwari cike suke da wannan ma'amala ta bayarwa da karɓa tsakanin mutane da iskoki. Wurin da ba shi da mai shi, wanda ake jefa gawa a ɓace, a Hausa sunansa dokar daji. Mutanen gundumar Madarumfa da suka sha fama da masu satar shanu da garkuwa da mutane tun wajen 2019 ba bakin tabki suke duba ba in dare ya yi, wajen dajin Baban Rafi da iyaka suke kallo.

4. Dodo mai bin bashi ne

Kalmar «dodo» tana da faɗi fiye da «monstre». Muna da dodon koɗi da dodon kunne, waɗanda ba su tsorata kowa, abin da ya haɗa su shi ne ɓoyuwa a cikin rami. Muna da dodorido, tsoratarwar da ba ta da komai a ciki. Makaɗan fada suna kiran sarki dodo, yabo ne kuwa. Ana cewa mutane biyu dodo ɗaya suke yi wa tsafi in ubangijinsu ɗaya. A duk waɗannan babu ma'anar ruɓa ko rashin hankali. Akwai ɓoyuwa, akwai kwarjini, akwai iko.

A tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga daga 1911 zuwa 1913, da na Tremearne da na Rattray na 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu a farkon shekarun 1970, Dodo yana zaune a daji ko a cikin ruwa, yana da gida, yana da dukiya, yana aure, yana jin warin mutum. Tatsuniyar da ta fi dacewa da zancenmu ita ce ta bashin Dodo, wadda Tremearne ya kawo. Mace mai ciki ta je ɗibar ruwa, abokiyar tafiyarta ta yi mata mugunta ta tafi ta bar ta da tulun da ba ta iya ɗauka. Dodo ya fito daga ruwa ya aza mata, bisa sharaɗin in ta haifi namiji abokinsa ne, in mace ce matarsa ce. Ta yarda. Ta haifi mace, yarinya ta girma, aka sa ranar aurenta da wani, uwar ta yi shiru. Ranar buki Dodo ya zo neman abinsa. Aka ba shi abinci ya haɗiye, aka ba shi dabbobi ya haɗiye, ya haɗiye ƴan buki, bai fasa maganar bashinsa ba, har sai da wuƙa ta faɗo daga sama ya haɗiye ta, ta tsarge cikinsa, kowa ya fito da rai.

Denise Paulme, a littafinta na 1976 kan ƙirar tatsuniyoyin Afirka, ta yi dogon bayani a kan wannan siffa ta mai haɗiye duniya a farke shi jama'a su fito, ba sai mun maimaita ba. Abin da ya dame mu shi ne matsayin Dodo a gaban shari'a. Ya yi aiki, an yi masa alkawari, an saɓa. Mai sauraro yana so yarinya ta kuɓuta, amma ya san uwar ce ta ci amana, shi ya sa labarin yake da nauyi, shi ya sa kuma mutum ba ya iya kashe Dodo a nan, sai taimako ya sauko daga sama. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ma haka yake: bai hana ruwa ɗungum ba, ya ƙayyade ranar Juma'a, mutanen gari suka zauna a kan wannan doka har baƙo ya zo ya sare shi. Sunansa ma Sarki. Abin tsoron ruwa a adabin Hausa mai mulki ne, ana yarjejeniya da shi, ana biyansa, wani lokaci a cuce shi.

Grundy ba ya bin kowa bashi. Waɗanda suka kashe Cyrus Gold sun daɗe da mutuwa kafin ya tashi, shi kuma bai tuna da su ba. Ba ya neman komai, ba ya mallakar fadamar da ta haife shi, ba ya tsare ta. Saboda haka marubuta suka rasa abin yi da shi in ban da su ba da shi haya: yau wani mugu mai wayo ya ja shi, gobe wani. A ganinmu wannan rauni ne na gini, ba a kuma rufe shi da girman damtse. Mugun da ba shi da hujja ko ɗaya, faɗa da shi aikin ƙarfi ne kawai, kamar kashe gobara. James Robinson, a jerin Starman na shekarun 1990, ya nemi mafita da ya mai da shi mai mutuwa yana dawowa da hali dabam kowane karo, har ya taɓa dawowa mai taushin zuciya. Dabara ce mai kyau, sai dai tana tabbatar da cewa halin nasa fanko ne da ake zuba abin da aka ga dama. Wanda ya warware matsalar da gaske Alan Moore ne, a kan Swamp Thing, a 1984, lokacin da ya ce halittar ba mutum ba ce da ya zama tsiro, tsiro ne da ya ɗauka shi mutum ne, daga nan ya mai da ita mai tsaron duk abin da yake kore. Wato sai da ya ba ta wuri da haƙƙi, ya matso da ita kusa da iskokin kwarin Maraɗi, sannan ta zama abin karantawa ga manya.

Wani bambancin kuma: tatsuniya ba ta taɓa gaya mana inda Dodo ya fito ba, amma tana kashe shi sau ɗaya, a ce ƙurunƙus. Labarin zane yana ba da asali dalla-dalla, amma ba ya iya kashewa, domin mujalla za ta fito wata mai zuwa. In ana neman kalmar Hausa ga mamacin da ya ƙi kwanciya, «fatalwa» ce, ko da yake fatalwa ba ta da nauyin jiki irin nasa.

5. Bakin Grundy

Nan ne masanin harshe yake da abin cewa fiye da kowa. A mafi yawan fitowarsa ta baya, Grundy yana magana da karyayyen Ingilishi: yana kiran kansa da sunansa maimakon «ni», yana yar da ƙananan kalmomin nahawu. Dodo kuwa Hausarsa lafiya lau. Mai ba da tatsuniya tana kumbura murya in ta zo kansa, tana rera waƙarsa, amma ba ta karya masa jimla. Wanda aka sani da lalurar baki Gizo ne, mai tsamin baki, shi kuma tsamin bakinsa rigar wayo ce.

Mai fassara zuwa Faransanci yana da hanya a buɗe, wato «moi» tare da aikatau marar lamiri. Mun san inda wannan hanya ta fito. Ita ce Faransancin da aka laƙaba wa sojojin Afirka, wanda har littafin koyar da shi rundunar Faransa ta buga a 1916, ita ce kuma aka sa a bakin baƙaƙen fata a Tintin au Congo a farkon shekarun 1930. Mai fassara zuwa Hausa yana da irin wannan rami a gabansa: ya ba Grundy Hausar ɗan koyo, ya rikita masa jinsi, ya sa shi cewa «ya» inda ake cewa «ta». Kalmar «gwaranci» kaɗai ta isa ta tuna mana cewa Hausa ma tana da al'ummomin da ta mayar abin dariya saboda bakinsu. A ƙasar da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace za su karanta littafi ɗaya a aji ɗaya da harshen da ba nasu na gida ba, sa wa gawa marar hankali irin Hausarsu ba ƙaramin kuskure ba ne.

To, a kwaikwayi Ingilishin kai tsaye mana? Mu duba:

(1) a. Na fasa ƙofa.
b. Grundy ya fasa ƙofa.
c. Grundy fasa ƙofa.

Jimla ta (1c) ita ce kwafin abin da Ingilishi yake yi, an cire zagin aikatau. Amma a Hausa zagi shi ne yake ɗauke da mutum da jinsi da lokaci gaba ɗaya, wurin da aka saba ganin aikatau tsirara ba shi kuwa shi ne umarni. Da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, mai karatu zai ɗauki (1c) a matsayin wani yana ba Grundy umarni ya fasa ƙofa. In bai ɗauke ta haka ba, zai ɗauke ta a matsayin harɗaɗɗen suna irin na aikatau da karɓau, wanda Hausa take da su birjik, Joseph McIntyre ya yi musu littafi guda a 2006: fasa-taro, gagara-badau, hana-salla, da fasa-ƙwauri wanda mutanen hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba sa bukatar a fassara musu. Wannan ƙira kuwa ita ce ƙirar kirari. «Grundy fasa-ƙofa» ba maganar wawa ba ce, take ne na ɗan dambe. Abin da aka shirya don ya nuna raunin hankali sai ya koma yabo.

Jimla ta (1b) daidai take a nahawu, sai dai mutum ya ambaci kansa da sunansa a Hausa aikin ƴan tauri ne da mafarauta a fagen kirari, ko na ƙaramin yaro. Na biyun ya fi kusa da abin da ake nema.

Shawararmu ita ce a bar ƙirar kalma lafiya, a taɓa ginin zance. Abin da Grundy ya rasa shi ne tunawa, Hausa kuwa tana da kayan aiki na musamman na jera abubuwan da suka faru: shuɗaɗɗen lokaci na biyu, mai «suka» da «muka», tare da mahaɗai irin su «sai», «da», «bayan», «domin». Da su ake saƙa labari, da su Dodo yake tuna wa uwar yarinya abin da ya gudana a bakin ruwa. A hana Grundy su duka. A bar masa shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da lokaci mai ci, jimla gajera, ba sababi ba sakamako, a cika gurbin da amsa-kama. A kwatanta waɗannan biyu, waɗanda mu muka ƙirƙira don misali:

(2) Dodo: Da na aza miki tulu, ba ke kika ce in mace ce tawa ce ba? To, ga ni na zo.

(3) Grundy: Sanyi. Ruwa baƙi ƙirin. Grundy ya tashi. Grundy yana jin yunwa. Haske yana ciwo.

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a (3), babu kuma wata ƙabila da za ta ji ana kwaikwayon bakinta, amma mai karatu ya san nan take cewa mai maganar ba ya iya haɗa jiya da yau. Game da sunan jinsinsa, muna ganin «fatalwar taɓo» ta fi «dodon fadama», wurin da ya fito kuma a kira shi taɓo ko a bar masa sunansa na Ingilishi, a ajiye «tabki» da «fadama» ga wurare irin Madarumfa.